Tiransfar mota mai ogzilari (4WD, mai ja da tayoyi huɗu): mai mota ya kwance da kansa ko a kai wa masu giya?

Sifana_17: Assalamu alaikum 'yan gida. Zan ajiye magana, wanda bai yarda ba ya kawo hujja. Tiransfa, akwatin nan da ke bayan giyabos yana raba ƙarfi tsakanin farfelar gaba da ta baya, ba ta kai yadda ake tsoronta ba. Ku ɗauki ta Hilux Vigo mai liba, wadda lambarta VF2A. Shaf uku ne, sarƙa ɗaya, giyar L4 (giyar ƙarfi ta tayoyi huɗu), fok mai tura giya, famfon mai, boris da sil. Babu jerin faifan kuloci irin na giyar otomatik. Duk wanda zai iya canza kuloci da hannunsa zai iya canza mata sarƙa da boris a gida. Abin da masu giya ke karɓa a kanta, rabinsa kuɗin tsoro ne.

Oga_Giyabos: Wa alaikumus salam. Malam Sifana, maganarka da gaskiya a ciki, amma ka tsallake matakin da ya fi cin kuɗin mutane. Kafin a yi gardamar wa zai kwance, a fara tabbatar da cewa tiransfar ce ma ta lalace. Da yawa ana sauke ta lafiyarta lau, laifin na kuros ɗin farfela ne (gaɓar da take lanƙwasawa), ko sitin giya da ya yage, ko boris ɗin taya, ko tayoyin da ba girmansu ɗaya ba. Kwancewa hannu take so, gano ciwon kuwa kunne yake so, kuma a nan ne mai koyo ke faɗuwa. Sannan VF2A da ka kawo ita ce mafi sauƙi a gidan. Kada wani mai Highlander ko BMW ya karanta ya ɗauki sifana.

Mai_Vigo08: Oga, to a taimaka da yadda ake bambancewa. Mota ce tana ƙas-ƙas-ƙas a ƙarƙashi idan an sa H4, wato jan tayoyi huɗu, an taka mai a yashi. A H2, jan tayoyin baya kaɗai, shiru.

Injiniya_Zazzau: Wannan alamar sarƙa ce da ta saki, tana tsallake haƙori idan nauyi ya hau ta. Amma a bi a hankali.

A Vigo mai ADD (tsarin da ke raba aksul na gaba da kansa idan ba a 4WD ake ba) ko mai makullin taya na hannu, idan tana H2 sarƙa ba ta ɗauke da komai. Don haka ƙarar da ake ji a H2 ba ta sarƙa ba ce, a nemi wani wurin. Ƙarar da ke zuwa a H4 da L4 kaɗai, lokacin tashi ko hawan tudu, ita ce ke nuna sarƙa, ko haƙoran zoben da fok ke turawa idan sun cinye suna zamewa.

Kuros kuwa yana yin ƙwas sau ɗaya idan an sauya daga gaba zuwa ribas, sannan yana kawo girgiza a gudu. A kama farfela da hannu biyu a murɗa ta hagu da dama, in akwai wasa ko jan ƙurar tsatsa a bakin kofunan kuros, ya tafi. Boris ɗin taya gurnani yake yi, kuma gurnanin yana sauyawa idan an karkata sitiyari a kan hanya. Kukan aksul yana sauyawa tsakanin taka mai da sakin mai. Boris ɗin cikin tiransfa yana bin gudun mota ne, ba ruwansa da giyar da ake ciki ko juyin inji.

Gwajin ƙarshe: a sa H4, a ɗaga mota, a riƙe filanjin baya, wato farantin da ake ɗaura farfela a kai, kada ya motsa, a juya na gaba. Ɗan wasa dole ne. In ya yi tafiya mai yawa kafin ya kama, sarƙa ta miƙe. Sai a zubar da mai a faranti mai tsabta a duba. Baƙar ƙura mai laushi ba komai ba ce. Burbushin azurfa da ba ya kama maganaɗisu alminiyon ne, ma'ana sarƙa ta fara gogar jikin akwatin. Guntun ƙarfe da yatsa ke ji, boris ne ko haƙori.

Dan_Riwaya: A ƙara da wannan. In wutar 4WD ce ke ƙiftawa ba ta tsayawa, kada a taɓa noti ko ɗaya na tiransfa tukuna. A Hilux, sau da yawa akcuwetar ADD ce, ƙaramin injin lantarkin da ke jikin aksul na gaba yana haɗa shi, ruwa ya shiga ta bututun numfashinta ya ci tagullar ciki. A Pajero mai Super Select, solinoyid biyun nan masu aiki da iskar inji ne, ko tiyonsu ya tsage, ko ɗaya daga cikin suwic-suwic ɗin da ke saman tiransfa. Mita da fitilar gwaji sun isa. Wannan aikin kam na gida ne, Malam Sifana ya ci wannan zagayen.

Kuma mafi yawansu rashin amfani ne ke kashe su. Littafin Toyota da kansa ya ce a riƙa tafiya a 4WD aƙalla kilomita 16 duk wata. Motar da ta shekara biyu a kwaltar Abuja ba a taɓa murɗa makunnin ba, ranar da ta shiga taɓo ranar za ta ƙi.

Sifana_17: Madalla, ga guda. Ga na biyu, canza sil na filanji, wanda shi ne gyaran da aka fi yi wa tiransfa, kuma ba sai an sauke ta ba.

A fara buɗe notin zuba mai kafin na zubarwa, don kada a zubar sannan na sama ya ƙi buɗuwa. Duka biyun kan 24 ne a VF2A, wato sifana lamba 24 ke kama su. A yi wa farfela da filanji alama da fenti kafin a raba su, domin a mayar yadda suke, in ba haka ba girgiza na iya biyowa. Babban notin tsakiya kan 30 ne, an danne bakinsa cikin tsagar shaf, sai an ɗaga dannin da siririn kurfi kafin a kwance. A ja filanji da fula. A ciro tsohon sil ba tare da an karce mazauninsa ba, a shafa wa leɓen sabon giris kaɗan, a buga shi a miƙe da soket mai faɗinsa. Akwai ƙaramin sil kuma a cikin filanjin kansa, mutane suna mantawa da shi, mai ya riƙa bin haƙoran shaf yana fitowa ta bayan noti. Sabon noti, a ɗaure shi da sifanar awo zuwa Nm 118 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), a sake danne bakinsa. Mai lita ɗaya, har ya zo bakin rami. Notin mai Nm 37 da sabon washa. Ina abin kai wa ƙwararre a nan?

Malam_Awo: Matakan daidai ne. Abu biyu ka bari, kuma su ne ke sa a canza sil yau ya dawo yoyo bayan wata guda.

Na farko, wuyan filanji inda leɓen sil ke gudu. A shafa farce a kai. In farce ya maƙale a wani layi, sil ya riga ya yi masa rami, sabon ma ba zai riƙe ba. Ko a sauya filanji, ko a sa masa siririn zoben ƙarfe da ake yi don haka, ko a zaunar da sabon sil ɗan nesa kaɗan da tsohon layin. Na biyu, bututun numfashi. In laka ta toshe shi, mai ya yi zafi iska ta kumbura, dole ta nemi hanya, kuma sil ne mafi rauni. A cire a hura a gani.

Sannan kafin a zargi sil, a girgiza filanjin sama da ƙasa. In yana motsi, boris ne ya saki, sil ɗin shaida ne kawai. Canza shi a wannan halin zubar da kuɗi ne.

Dan_KofarRuwa: Maganar mai, ni dai shawarata ga kowa ita ce a zuba mai kauri, mai lamba 140. Ƙasarmu da zafi, mai kauri ya fi riƙe giya, kuma yana rage ƙara.

Hajiya_4x4: A'a Alhaji, wannan shawarar kada kowa ya ɗauka. Yana rage ƙara ne don ya rufe ta, ba don ya gyara ba. Tiransfa mai sarƙa tana da ƙaramin famfo da ke tura mai ta cikin ramin shaf zuwa ƙananan boris masu kama da allura. Mai kauri ba ya wucewa da sauri, musamman da asubar hunturu, kuma fok yana yin nauyi.

Kowace da abinta. Vigo, 75W-90 GL-4 ko GL-5, lita 1. Revo mai makunni, littafinta LF 75W na Toyota ya ce, shi ma lita 1. Prado 150, LF 75W, lita 1.4. Navara D40 da Pathfinder kuwa ATF suke sha, jan man giyar otomatik, ba man giya ba. NP231 ta Jeep ma ATF. Mercedes ML ATF. BMW mai xDrive tana da nata na musamman saboda faifan kulocin da ke ciki. NP246 ta manyan motocin GM kuma AutoTrak II take so, mai launin shuɗi. Wanda ya zuba 140 a ɗaya daga cikin waɗannan na ƙarshe ya fara tara kuɗin sabuwa.

Dan_KofarRuwa: Na karɓi gyara a kan masu ATF, Hajiya. Amma tsohuwar Land Cruiser ba ta damu ba.

Hajiya_4x4: Ta fi jurewa don haƙora ne zalla a cikinta ba sarƙa. Duk da haka 75W-90 aka rubuta mata.

Oga_Giyabos: Mu dawo kan sarƙa, tunda ita ce asalin iƙirarin. Bari in jera aikin yadda yake, kowa ya auna kansa.

Saukewa ba wuya, nauyi ne. Ta kai wajen kilo talatin, kuma ba ta da gindin zama, tana son mirginawa gefen farfelar gaba. Ana son jek mai faranti ko mutum biyu a rami. A sassauta notin filanji tun tana jikin mota, don a kan benci shaf juyawa yake yi. Idan za a zare ta daga giyabos a ja ta baya a miƙe, kada a bar nauyinta ya rataya a kan shaf, yana lalata sil da haƙora.

A benci, ana cire filanji biyu, murfin baya, giyar mitar gudu, sannan notuna sha biyu da suka haɗa rabi biyun akwatin. Gam mai kama da roba ne ya manne su. Gudumar roba ake sawa a wuraren da aka tanada. Wanda ya cusa sukundireba tsakanin fuskokin alminiyon ya yi wa kansa yoyon da ba ya warkewa.

Daga nan ne ake fara ɓata. Akwai ƙananan ƙwallaye da sifirin da ke riƙe sandunan fok a mazauninsu, akwai kuma wani ɗan fil a tsakanin sandunan biyu, shi ke hana shiga L ba tare da an shiga 4 ba. Ɗan abu ne, yana faɗuwa ƙasa ba a ji ba. A haɗa babu shi, mota za ta tashi lafiya, liba ce za ta riƙa shiga inda bai kamata ba. Shaf na baya, na gaba da sarƙa tare suke fitowa, tare kuma suke komawa, da fok a jikinsu. Zoben da fok ke turawa yana da gaba da baya, in aka juya shi yana shiga amma yana fitar da kansa a kan nauyi.

Sai sakilif, zoben ƙarfen nan mai buɗaɗɗen baki da ke riƙe boris a mazauninsa. Ba girmansu ɗaya ba, kamfani yana yin su kauri-kauri, tazarar 0.05 na milimita tsakanin wannan da wancan, kowane da alamarsa. Idan an sauya boris ana auna wasan da ya rage a zaɓi wanda ya cike shi. Ba a mayar da tsohon da filaya ta buɗe har ya saki. Boris kuma injin matsawa yake so, kuma a matsa ta zoben da ke shiga, ba ta ɗayan ba. Wanda aka buga da guduma da kurfi ya riga ya sami tabo a hanyar ƙwallayensa, kukansa na nan tafe.

Sarƙa ba a sauya ta ita kaɗai sai an duba haƙoran da take hawa. In sun yi tsini ko sun kwanta gefe guda, sabuwar sarƙa za ta bi tsohuwar cikin ɗan lokaci. A wanke rariyar famfo da maganaɗisun da ke ƙasan akwati. Gam na haɗawa shi ne mai lamba 1281, siririn layi, a rufe cikin minti goma, notuna Nm 28 a bi su a gicciye. Gam mai yawa yana matsowa ciki, ya gutsure, ya toshe rariya, famfo ya sha iska. Kafin a mayar da ita mota a juya ta da hannu a H2, H4, N da L4.

To Malam Sifana, mai mota nawa ne ke da injin matsawa, sifanar awo, fila-geji, agogon awo da filayar sakilif ta gaske?

Sifana_17: Oga, tambayar da zan mayar maka ita ce, gareji nawa ne ke da su? Mu faɗi gaskiya. A wurare da yawa da ake kai aikin nan, a kan ƙasa ake baje kayan, a wanke da fetur a kwano ɗaya, a buga boris da guntun bututu, a ɗaure noti da ƙarfin dantse. Mai motar da ya sauke littafin gyara daga intanet, yana ɗaukar hoto a kowane mataki, yana jera kaya a kan kwali bisa tsari, ya fi wannan. Matsa boris kuwa ana kai shaf wurin mai inji a biya kuɗin matsawa kawai.

Oga_Giyabos: Wannan ba zan musa ba. Ba duk mai allo da hoton giya ba ne ƙwararre.

Malam_Awo: Shi ya sa tambayar ta koma yadda za a gane na gaske. A tambaye shi lambar tiransfar motar kafin ya duba, ko aƙalla ya san inda zai duba. A tambaye shi wane mai za ta sha da lita nawa. A leƙa a ga ko yana da benci da sifanar awo da ake amfani da ita, ba wadda ke rataye don ado ba. Ya buɗe a gaban mai mota, ya nuna abin da ya lalace kafin a sayo kaya, ya kuma mayar da tsofaffin. Wanda ya yanke kuɗi da jerin kaya tun bai zubar da mai ba, canka yake yi.

Bakanike_Maradi: Gaisuwa ga manya. Ku raba Land Cruiser daga wannan lissafin. HF1A ta 70, da HF2A ta 80 da 100, giyoyi ne uku a jere babu sarƙa, shi ya sa masu hanyar Agadas ba sa rabuwa da su. Ba sa lalacewa da wuri, amma ranar gyara sun fi VF neman awo, domin boris ɗinsu masu kan mazurari ne, ana daidaita matsinsu da shim, wato siririn washa na awo. In ya matse da yawa zafi, in ya saki kuka da cin haƙori. Ana auna ƙarfin da shaf ke buƙata kafin ya fara juyawa, a sauya shim, a sake aunawa. Wannan ba aikin ranar farko ba ne. LT230 ta Land Rover ma haka, ga ta da yoyon zoben roba na shaf ɗin tsakiya, ga cin haƙoran da ke tsakanin shaf na giyabos da giyar shiga idan mai ba ya kai musu.

Dan_KofarRuwa: Duk kun manta hanya ta uku, wadda kuma ita mutane suka fi bi: a sayo ta Beljiyam a ɗaura. Idan akwati ya fashe ko sarƙa ta huda shi, kuɗin sarƙa, haƙora biyu, boris, sil da rabin akwati yakan wuce kuɗin guda sukutum. Kasuwannin Ƙofar Ruwa, Panteka, Apo, Ladipo, duk ana samu. Ɗaurawa kuma mai mota zai iya.

Sai dai a je da tsohuwar, a ajiye su gefe da gefe. A ƙirga haƙoran shaf na shiga, don na giyar hannu da na otomatik ba lallai su zo ɗaya ba. A duba soket na waya, yawan suwic, wurin na'urar gudu, mai liba ce ko mai akcuweta. A buɗe notin ƙasa a ga abin da zai fito, in mai ya yi kalar shayi da madara ta sha ruwa. A sa ta a L a juya shaf na shiga ana ƙirgawa: ta VF sau biyu da rabi da ɗan ɗori, wato 2.566, kafin filanji ya zagaya sau ɗaya, kuma juyin ya zama sumul ba tsalle. A yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce. A sauya sil ɗinta duka tun tana ƙasa.

Hajiya_4x4: Sai dai Beljiyam ma tsohuwa ce, ba wanda ya san kilomita nawa sarƙarta ta ci. Wadda aka gyara da kaya na asali an san abin da ke cikinta.

Mai_Highlander: Don Allah ina matsayin irin namu? Ana yawan cewa in ta fara kuka a cire farfela kawai a huta.

Injiniya_Zazzau: Taku wata halitta ce daban. A Highlander, RAV4 da Lexus RX inji a gicciye yake, tiransfar ƙaramin akwati ce manne da giyabos, aikinta ta karya juyi ta mayar da shi baya. Haƙoranta irin na aksul ne. In aka buɗe aka sauya boris sai an daidaita zurfin ƙaramar giya, da ratar haƙora da agogon awo, sannan a shafa fenti a haƙoran a juya a karanta inda suke taɓa juna. Kuskuren da ido ba ya gani ya isa ta riƙa kuka har ta cinye kanta. Man cikinta bai kai lita ɗaya ba, na RAV4 daga 2006 bai ma kai rabin lita ba, don haka ɗan yoyo kaɗan ya ƙarar da shi. Kuma a masu V6 da yawa hanyar da littafi ya bayar ta fito da ita sai an sauke inji da giya tare. Mai mota ya tsaya a duba mai da sauya shi.

Cire farfela kuma ya danganta da tsarin. A RX300 da Highlander ta farko akwai difaransha ta tsakiya, wadda ke barin tayoyin gaba da na baya su juya da gudu daban-daban. In aka cire farfela, ƙarfi yana gudu ta ɓangaren da ba kaya, na'urar da ke riƙe shi ta yi ta fama har ta ƙone, daga nan sai a kira mai walda ya like komai. An rasa 4WD ke nan har abada. A RAV4 daga 2006 da RX350 daga 2010, gaba ne ke ja kai tsaye, kulocin da ke haɗa baya yana can jikin aksul na baya, don haka mota za ta tafi ba farfela. Amma tiransfar tana ci gaba da juyawa. In ita ce mai kukan, ba a gyara komai ba.

Masu Ford Edge da Explorer su ma su lura, tasu kusan rabin lita take ɗauka, tana zaune kusa da salansa, kuma da yawa ba su da notin zubarwa, sai an zuƙe man ta sama. Yana dahuwa ya koma kamar kwalta.

Mai_Taya_Fagge: Bari in sa baki ta ɓangarena, don duk gyaran da za a yi in ba a duba taya ba a banza. 265/65R17 kewayenta kusan milimita 2,439. 265/70R17 kusan 2,522. A kilomita ɗaya ta farko tana juyawa sau 410, ta biyu kusan 396. In ɗaya na gaba ɗaya na baya, wannan bambancin sha huɗun a kowace kilomita wani abu ne a tsakiya ke shanye shi: sarƙa, ko difaranshar tsakiya, ko faifan kuloci. Ko lamba ɗaya ce, sabuwa da wadda ta suɗe suna iya bambanta da fiye da santimita huɗu a kewaye. Masu sayen taya ɗai-ɗai na Beljiyam, kowace da kamfaninta, su ne manyan kwastomomin Oga Giyabos.

Oga_Giyabos: Allah ya bar mana su. Da masu tafiya a H4 a kan busasshiyar kwalta. Hilux ba ta da difaranshar tsakiya, a kwana tayoyin gaba sun fi na baya tafiya, in ƙasa ba ta bari taya ta zame ba sai sarƙa ta sha. Alamarsa sitiyari ya yi nauyi, mota tana tsalle a kwana, liba ta ƙi fita. A ja da baya kaɗan a miƙe za ta saki, kada a doke ta.

Benz_Kawai: Na Jamus fa, kada a yi musu kuɗin goro. ML350 da GL450 na W164 da X164 an san su da miƙewar sarƙa, ƙas-ƙas idan an taka da ƙarfi daga tsaye. Mai rabin lita ne kacal a ciki. Sauya sarƙarsu bai fi na Hilux wuya ba ga mai haƙuri. A BMW X3 E83 da X5 kuwa, abin da ya fi mutuwa wata ƙaramar giyar roba ce a cikin akcuweta, wutar 4x4 da ABS da birki su kama tare, a riƙa jin ƙaf-ƙaf bayan an kashe mota. Akcuwetar a waje take, ana cire ta a sauya giyar a kan tebur. Amma bayan an gama, ko bayan sauya mai, sai an sa kwamfuta ta sake koya wa motar matsayin kulocin. Ba kwamfuta, aiki bai ƙare ba.

Dan_Riwaya: Akcuwetar BMW a waje take, amma kada a ɗauka duka haka ne. A 4Runner daga 2003 zuwa 2009, da GX470, sandar akcuweta a cikin akwati aka kulle ta. Mutum ya ga notuna uku ya ɗauka zai zare, ya ja, giyoyin ciki su goce daga saitinsu. Garin neman gira a rasa ido: yoyon zoben roba ɗaya ya koma sauke tiransfa da raba ta biyu.

Malam_Awo: Abin da ba a faɗa ba har yanzu, kuma ya fi duk sauran: da zarar an cire farfelar baya, P na giyar otomatik ba ya riƙe mota, giya ma ba ta riƙewa. Haka in tiransfa tana N. A Defender birkin hannu ma a bayan tiransfa yake, cire farfela ya raba shi da tayoyi. A sa wa tayoyi waigi gaba da baya, a ɗora mota a kan ƙafafun ƙarfe a ƙasa mai tauri. Jek kaɗai ko bulon siminti ba abin shiga ƙarƙashi ba ne.

Sifana_17: Na ji duka. Na janye Highlander da Land Cruiser mai shim. Amma a kan mai sarƙa da liba ina nan a kan bakata.

Oga_Giyabos: Ni kuma ina nan a kan cewa ranar da ya buɗe ya tarar da abin da hoton littafi bai nuna ba, a buhu zai kawo mana ita, kuma kuɗin haɗa abin da wani ya kwance daban ne.

Mai_Vigo08: An yi gwajin da Injiniya ya faɗa. Filanjin gaba yana da wasa sosai, man kuma akwai ƙyalli-ƙyallin azurfa amma ba gutsattsari. A ci gaba da hawa a H2 kafin a samu kaya, ko a ajiye?

Injiniya_Zazzau: In mai ADD ce ko mai makullin hannu, a zuba sabon 75W-90 lita ɗaya, a bar ta a H2, makullan taya a buɗe, kada a taɓa liba. In kuwa irin wadda farfelar gaba ke juyawa kullum ce, sarƙar tana yawo ko a H2, tana ci gaba da gogar akwati, gara a cire farfelar gaba a ajiye har kaya su iso. A leƙa ƙasan akwatin da tocila, daidai inda sarƙa ke ratayowa, a ga ko akwai tsaga ko danshin mai. In akwai, a haɗa da rabin akwati a lissafin kafin a yanke shawara tsakanin gyara da ta Beljiyam da Alhaji Dan Ƙofar Ruwa ya faɗa.